Ƙofar Baƙo A Masaukan Amurka

 Akwai wata gardama da ta tashi a ƙasar Amurka tun ƙarshen shekarar 2017 a kan wata mas'ala wadda ya kamata duk mai kwana a gidan da ba nasa ba ya san hukuncinta. Mas'alar kuwa ita ce, idan mutum ya biya kuɗin ɗaki a otal, ya shiga da iyalinsa da kayansa, ya mayar da ƙofa ya rufe, shin ma'aikatan gidan suna da iko su buɗe su shiga alhali bai kira su ba? Masu manyan masaukan shaƙatawa na can sun ce suna da wannan iko, har sun rubuta shi cikin sharuɗɗansu. Baƙi da yawa kuma sun ce wannan keta haddi ne. Kowane ɓangare yana da hujja, saboda haka ya kamata a ji asalin maganar tukuna, kana a auna ta.

Asalin Maganar

Al'adar otal-otal na Turai da Amurka tun da daɗewa ita ce, a kowane ɗaki akan ajiye wata 'yar takarda mai kauri wadda baƙo zai rataya a hannun ƙofa daga waje in ba ya so a dame shi. Masu shara da gyaran gado in sun gan ta sai su wuce. Mutum yakan bar ta a rataye kwana biyu ko uku babu wanda zai tambaye shi dalili, domin an ɗauka ya sayi hutunsa da kuɗinsa.

Ran 25 ga watan Satumba, 2017, wani mutum ɗan shekara 64 mai suna Stephen Paddock ya sauka a otal ɗin Mandalay Bay a birnin Las Vegas, cikin jihar Nevada, birnin da ya shahara da gidajen caca da manyan masaukai. Ya kama ɗakuna a hawa na 32. Cikin kwanakin da ya yi, ya riƙa shigo da akwatuna kaɗan kaɗan, wasu ma 'yan dakon otal ɗin ne suka taya shi hawa da su, ba su san abin da ke ciki ba. Daren 1 ga watan Oktoba ya fasa tagogi, ya buɗe wuta a kan taron masu kallon mawaƙa da ke wani fili daura da otal ɗin, mutum wajen 22,000. Cikin kamar minti goma ya harba harsashi fiye da 1,000. Mutum 58 suka mutu, ɗaruruwa suka ji rauni, daga baya wasu mata biyu suka rasu saboda raunukan da suka samu, adadin ya cika 60. Kafin 'yan sanda su fasa ƙofa ya riga ya kashe kansa. Suka tarar da bindigogi 24 a ɗakunan. 'Yan sandan birnin sun rufe bincikensu a 2018 ba tare da sun gano abin da ya tunzura shi ba.

Daga cikin abubuwan da jaridu suka fi kamawa a lokacin akwai batun cewa mutumin ya rataya takardar nan ta kada a dame shi. Nan take mutane suka shiga tambaya, yaya za a tara makamai haka a cikin gidan da ke da dubban ma'aikata, babu wanda ya gani?

Abin Da Masu Masaukai Suka Sake

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kafin watanni kaɗan kamfanoni suka shiga sake dokokinsu. Mai otal ɗin Wynn na Las Vegas ya bayyana cewa a gidansa in takardar ta wuce awa 12 a rataye sai an bincika. Kamfanin Hilton ya umarci ma'aikatansa cewa in ta kwana ta yini, watau awa 24, su sanar da shugaban aiki ko masu gadi. A watan Fabrairu, 2018, kamfanin Caesars ya ce za a duba kowane ɗaki sau ɗaya cikin awa 24, ko da takarda ko babu.

Wanda ya fi jawo magana shi ne na kamfanin Disney, domin masaukansa na jihar Florida wurin hutun iyali ne, inda magidanta sukan tara kuɗi shekara guda don su kai yaransu kallo. A watan Disamba, 2017, kamfanin ya kwashe tsofaffin takardun daga masaukansa da ke kusa da babban filin wasansa, watau Contemporary da Grand Floridian da Polynesian, ya kawo wasu sababbi masu cewa akwai mutum a ciki, ke nan. An kuma rubuta a jikinsu cewa ma'aikata suna da ikon shiga saboda gyara ko tsaro ko wani dalili, bayan sun ƙwanƙwasa sun faɗi ko su wane ne. Daga baya dokar ta game sauran masaukansa. Kamfanin bai fito ya ce harin Las Vegas ne sanadi ba, amma kusancin lokacin ya isa mai hankali ya gane.

Bambancin takardun nan biyu ba ƙarami ba ne. Ta farko umarni ce daga baƙo zuwa ga mai gida. Ta biyu labari ce kawai yake ba shi, mai gida kuwa shi ke da zaɓin abin da zai yi da labarin.

Hujjar Masu Gida

Ba daidai ba ne a ce masu otal ba su da abin faɗa. Na farko, gidan da ke ɗauke da mutum dubu uku ko huɗu a dare ɗaya, amanar dukansu tana wuyan mai shi, haƙƙin mutum ɗaya na a ƙyale shi kuwa ba zai rinjayi ran maƙwabtansa ba. Na biyu, ba ɗan bindiga kaɗai rufaffen ɗaki ke ɓoyewa ba. Akan sami baƙon da ciwo ya kayar ba mai ji, akan sami wanda ya mutu sai wari ya tona, akan kuma sami masu safarar mata da yara suna amfani da ɗakunan otal.

Na uku shi ne dukiya, shi ne kuma wanda ba su cika faɗa a fili ba. Waɗanda harin ya shafa da magadansu sun kai ƙarar kamfanin MGM, mai otal ɗin Mandalay Bay, suna cewa ya yi sakaci. A watan Satumba, 2020, kotu ta tabbatar da sulhu a kan dala miliyan 800 da za a raba wa mutum fiye da 4,000. Kamfanin bai amsa laifi ba, kuma kamfanonin inshora ne suka biya mafi yawan kuɗin. Duk attajirin da ya ji wannan adadi ya san dalilin da zai sa mai otal ya so ya riƙe shaidar cewa ya leƙa kowane ɗaki kowace rana, don gobe in an tsaya gaban alƙali ya sami abin nunawa.

Kukan Baƙi

Baƙi kuma nasu kukan ya fito fili a watan Agusta, 2018, sa'ad da aka yi taron DEF CON a Las Vegas, taron shekara-shekara na masana kwamfuta masu binciken raunin na'urori. Da yawa daga cikinsu sun sauka a Caesars Palace. Wasu mata suka ba da labarin cewa maza sun zo suna dukan ƙofa suna cewa su masu gadi ne, ba tare da wata shaida mai gamsarwa ba, wata ma ta ce an buɗe an shigo mata tana cikin sa tufafi. Waɗansu suka ce an taɓa musu kayan aiki. A 2024 maganar ta sake tashi, da otal ɗin Resorts World ya sanar da mahalarta taron cewa za a riƙa duba ɗakunansu kullum, wannan karon saboda tsoron masu kutse cikin kwamfutoci, bayan irin ɓarnar da aka yi wa MGM da Caesars a 2023.

Abin da matan nan suka nuna yana da nauyi ƙwarai. Da, mace in tana ɗaki ita kaɗai wani ya ƙwanƙwasa ya ce shi ma'aikaci ne, tana iya ƙin buɗewa, domin ta san ba ta kira kowa ba. Yanzu da aka saba wa mutane da cewa ana shigowa ba kira, ɓarawo da fasiƙi sun sami rigar da za su sa. Dokar da aka kafa don tsaro ta raunana wani tsaron da ya riga ta.

Sirrin baƙo a otal kuma ba abin wasa ba ne ko a idon kotunan Amurka. A 2008 wani mutum ya bi wata mai ba da labarin wasanni a talabijin, Erin Andrews, zuwa wani otal mai sunan Marriott a birnin Nashville, ya sami ɗaki kusa da nata, ya lalata 'yar kafar leƙe da ke jikin ƙofarta, ya ɗauki hotonta ba sutura, daga baya hoton ya bazu a intanet. An ɗaure shi. A watan Maris, 2016, kotu ta yanke mata diyyar dala miliyan 55, aka ɗora wa mutumin kashi 51 cikin ɗari, masu otal ɗin da masu gudanar da shi kashi 49. Ke nan mai otal gaba kura baya siyaki: in bai duba ba a tuhume shi da sakaci, in ya bar sirrin baƙo ya tonu a ci shi tara.

Abin Da Dokar Amurka Ta Ce

Tsarin mulkin Amurka, cikin gyara na huɗu da aka tabbatar a 1791, ya hana hukuma binciken gidan mutum da kayansa ba bisa ƙa'ida ba. A 1960 'yan sanda a jihar Kalifoniya suna neman wani mai suna Stoner bisa zargin fashi, suka je otal ɗin da ya sauka ba su da takardar izinin bincike daga alƙali. Ba ya nan, sai akawun dare ya buɗe musu ɗakin, suka sami bindiga da wasu kaya, aka yi shaida da su aka ɗaure shi. A 1964 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin. Ta ce baƙon otal yana da kariya daidai da mai hayar gida, haƙƙin kuma nasa ne, akawu ba ya da ikon yafe shi a madadinsa. Kotun ta yarda cewa wanda ya kama ɗaki ya ba masu shara da masu gyara izinin shiga a fakaice don su yi aikinsu, amma ta ce wannan izini bai kai ga bincike ba.

Sai dai wannan kariya hukuma ta ɗaure, ba ta ɗaure ɗan kasuwa ba. Tsakanin baƙo da mai otal, abin da ke hukunci shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla sa'ad da aka kama ɗakin, wadda mafi yawan mutane ba su karantawa. Daga nan wata tambaya ta taso: in mai gadin otal yana shiga kullum da niyyar neman abin tuhuma, ya kuma kai wa 'yan sanda abin da ya gani, ashe hukuma ba ta sami ta taga abin da aka hana ta ta ƙofa ba?

Ma'aikatan Da Ke Tsakiya

Akwai ɓangare na uku da akan manta da shi, watau masu shara da gyaran gado, waɗanda galibinsu mata ne, da yawa kuma baƙin haure ne masu ƙaramin albashi. Su ne ke riƙe da mabuɗin da ke buɗe kowane ɗaki, su ne kuma ke shiga su kaɗai wurin mazan da ba su sani ba. Ƙungiyarsu ta ƙwadago ta ƙi yarda a mayar da su masu binciken makamai, ta ce wannan aikin masu gadi ne, kamfanin Caesars kuwa ya ɗora aikin a kan masu gadinsa. Birnin Shikago a 2017 da jihar New Jersey a 2019 sun kafa dokar a ba masu shara wata 'yar na'ura da za su danna su nemi agaji in an far musu a ɗaki.

Annobar korona ta 2020 ta sake juya al'amarin. Otal-otal da yawa suka daina sharar kullum sai in baƙo ya nema, suka ga abin ya rage musu kashe kuɗi, suka so su dawwama a haka. Ma'aikata suka ga aikinsu zai ragu, ɗakin da ya kwana uku ba shara kuma ya fi wuyar gyara. A Nevada an kafa dokar sharar kullum a 2020, aka soke ta a 2023, sai ƙungiyar ma'aikatan Las Vegas ta sa sharaɗin cikin yarjejeniyar da ta ƙulla da manyan kamfanonin birnin a ƙarshen wannan shekarar. Mai karatu ya lura: ƙwanƙwasar da baƙo ke ji a ƙofarsa, wani sa'i tsaro ne ya kawo ta, wani sa'i tsoron shari'a, wani sa'i kuwa abincin wata baiwar Allah ne.

Shin Maganin Ya Dace Da Cutar?

A nan hujjar masu gida ta fi rauni. A farkon 2018 kamfanin MGM da kansa ya bayyana cewa ma'aikatansa, har da masu kai abinci da masu shara, sun yi hulɗa da Paddock ko sun shiga ɗakinsa fiye da sau goma cikin kwanakin da ya yi, ba su ga abin da ya tayar musu da hankali ba. Watau abin da sabuwar dokar ke nema a yi, an riga an yi shi a ɗakin da ya jawo dokar, bai kuwa hana komai ba. Mai mugun nufi da ya san za a leƙo sau ɗaya a yini zai bar kayansa cikin akwati har a wuce. Mai leƙen kuma ba ya da ikon buɗe akwati. Wanda dokar ke kamawa kullum shi ne mai jego da ta samu jaririnta ya yi barci da rana, da matafiyin da ya kwana cikin jirgi, da miji da mata a ɗakinsu. An bar jaki ana dukan taiki.

Duk da haka leƙen yana da amfani wajen gano marar lafiya ko wanda aka tsare da ƙarfi. Wannan amfanin kuwa ana iya samunsa ta hanya mai sauƙi, a kira ɗakin ta waya, ko a yi magana da baƙon a bakin ƙofa.

Ma'aunin Malamai

Malamai ba baƙin wannan mas'ala ba ne, gama babin neman izini sananne ne. Aya ta 27 da ta 28 cikin Suratun Nur sun hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, sun kuma umarci wanda aka ce ya koma da ya koma. Aya ta 29 ta sauƙaƙa game da gidajen da ba na zaman kowa ba, masu tafsiri kuwa sun kawo masaukan matafiya cikin misalansu. Wannan sauƙi ya dace da zaure da farfajiya da wurin cin abinci, inda kowa ke shiga. Amma ɗakin da mutum ya kama ya kwana ciki ya zama mazauninsa, domin a babin haya mai gida yana riƙe da asalin mulki, mai haya kuwa ya mallaki amfanin wurin har wa'adinsa ya cika. Aya ta 58 ta ƙara da cewa ko masu hidimar gida da yara sai sun nemi izini a lokuta uku: kafin sallar Asuba, da tsakar rana sa'ad da ake tuɓe tufafi, da bayan sallar Isha'i. Hadisin Abu Musal Ash'ari ya iyakance neman izini ga sau uku, wani hadisin kuma ya bayyana cewa saboda ido aka shar'anta shi.

Shari'a ba ta rufe ƙofar larura ba. Alƙali Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya kawo cikin Ahkamus Sulɗaniyya cewa mai hisba ba ya da ikon bin diddigin abin da mutane suka ɓoye, sai fa in wani amintacce ya ba shi labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar a ce wani ya keɓe da wani don ya kashe shi. A nan an ba shi izini ya kutsa. Sharaɗin ke nan: alama tabbatacciya a kan mutum ayyananne, da cutar da ba ta jira. Hayaƙi daga ƙarƙashin ƙofa, ko kururuwa, ko baƙon da aka yi ta kira bai amsa ba, duk sun shiga wannan babi. Amma a tuhumci masauki duka kowace rana saboda abin da mutum ɗaya ya aikata, wannan ya fi kusa da zato da bin diddigin da aya ta 12 cikin Suratul Hujurat ta hana.

Ana iya cewa baƙo ya yarda da sharaɗin tun da ya sa hannu, mutane kuwa suna kan sharuɗɗansu. Gaskiya ne, in an bayyana masa kafin ya biya. Amma sharaɗin da aka binne cikin ƙananan rubutu, mutum bai san da shi ba sai da ya ji mabuɗi a ƙofarsa, sunan yarda kawai gare shi. Fatake na dā sun san wannan a zangunan Salaga da Kumasi da Sabon Ibadan, inda fatoma ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye. Ya san abin da ya shigo gidansa da wanda ya kawo shi, domin yakan tambaya a zaure tun ranar sauka. Jarinsa kuwa sunansa ne, ranar da aka ji yana binciken jakar baƙo, ayarin baɗi gidan wani zai sauka.

Abin Da Ya Fi Kusa Da Adalci

In aka haɗa hujjojin nan, hanyar da ta fi kusa da adalci a bayyane take. Mai otal ya faɗi dokarsa da manyan baƙaƙe kafin a karɓi kuɗi. Ya bar baƙo ya zaɓi sa'ar da za a zo. A fara da kiran waya, in an ji muryarsa lafiya a wadatu da haka. Wanda zai shiga ya zo da shaidar da baƙo zai iya tabbatarwa daga ofishin karɓar baƙi, a tura mace ɗakin mace, kada a taɓa akwati ko takarda, a kuma rubuta sunan wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. Kutsawa ba izini a bar ta ga larura mai alama.

Attajiri ko malamin da tafiya ta kai shi irin waɗannan masaukai, ya tambayi dokar gidan tun a wurin biya, ya nemi a sa masa lokaci, musamman in yana tare da iyali. In yana ciki ya sa sarƙar ƙofa, domin mabuɗin ma'aikata ba ya cire ta. Kuɗi da fasfo da takardun ciniki ya sa su cikin akwatin ƙarfen da ke ɗakin ko ya damƙa su ofis a ba shi rasit. Kowa ya ƙwanƙwasa ya ce shi ma'aikaci ne, kada a buɗe masa sai an kira ofis an tabbatar, ma'aikacin gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Masu shara kuma a kyautata musu, gama ba su suka kafa dokar ba.

Allah ya kiyaye matafiya a masaukansu, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalam.